Ni aka gaisar ko rigata?

Autan Zaure:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko na samu sauƙi. Ranar Talata na je wani ofis karɓar takarda. Daga wurin aiki na wuce, da tsohuwar riga mai tabon baƙin mai da silifas a ƙafa. Mai gadi ya tsare ni a ƙofa yana ta tambayoyi kamar sata na zo yi. A ciki kuma wanda ke kan tebur ko kai bai ɗaga ba, ya ce in dawo jibi. Ranar Alhamis na koma, amma daga wani taro nake, kaya sun sha guga, takalmi yana ƙyalli. Mai gadin nan dai, shi ɗin dai, ya miƙe ya buɗe mini ƙofa yana "ranka ya daɗe". Aka ba ni kujera. Kafin minti goma takarda ta fito.

Da na fito, maimakon murna haushi ne ya kama ni. Ni ne na Talata, ni ne na Alhamis. To wa aka gaisar, ni ko rigata? Abin da ya ƙara dagula mini lissafi, ranar Litinin ina da ganawar neman aiki, abokina ya dage sai na ari kwat ɗinsa. Zuciyata ba ta so.

Mai Gardama:
Wa'alaikumus salam Auta. Rigarka aka gaisar mana, har sai ka tambaya? Tufafi aikinsa uku ne: ya rufe tsiraici, ya kare sanyi, ya kare rana. Duk abin da ya wuce nan mu muka ɗora masa, kuma yawancinsa ƙarya ne da son a sani. Zare ne fa aka saƙa. Zare ba ya da mutunci, ba ya da ilimi, ba ya da hali. Ka je ganawarka da abin da kake da shi, in suna neman ƙwaƙwalwa za su ɗauke ka.

Maman 'Yan Biyu:
Ni kam ba zan ga laifin mai gadin nan sosai ba. Mutum nawa ke wucewa ta gabansa a yini? Ba shi da lokacin da zai zauna ya ji tarihin kowa. Daƙiƙa biyu gare shi, kuma abin da ke jikinka shi ne kaɗai takardar da ka miƙa masa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Auta, ka faɗi gaskiya, kai in mutum biyu suka tsayar da kai cikin dare suna neman taimako, ba shigarsu kake fara dubawa ba?

Autan Zaure:
Gaskiya ina dubawa, Anti. Amma wannan tsoro ne, ba raini ba.

Maman 'Yan Biyu:
Shi ma wataƙila tsoron ne, ƙanena. Tsoron kada ya tsare babban mutum a ƙofa ya rasa aikinsa.

Malamin Tarihi:
Mai Gardama, da zare zare ne kawai, da sarakuna da gwamnatoci ba su ɓata lokacinsu suna kafa masa doka ba. Ba a yi wa abin da ba shi da tasiri doka.

Ka ɗauki Turkiyya. A 1829 Sarki Mahmud na Biyu na Daular Usmaniyya ya umarci ma'aikatan hukuma su ajiye rawani su sa jar dara, don a lokacin dara ce alamar wayewa. Masu riƙo da gargajiya suka ji haushi. Ba a cika shekara ɗari ba, a 1925, Mustafa Kamal Ataturk ya kafa dokar da ta kori wannan darar, ya ce a koma sa malafar Turawa, don yanzu dara ta zama alamar ci baya. Aka yi bore a garuruwa, har aka rataye mutane a kan maganar hula. Ka duba fa: hular ba ta canja ba, launinta bai canja ba. Wadda kakanni suka ƙi saboda baƙuwa ce, ita jikoki suka mutu a kanta saboda ta zama gado.

Haka aka yi wa mutanen tsaunukan Sikotilan. Bayan tawayen da suka yi, a 1746 gwamnatin Birtaniya ta hana maza sa ɗan zanen nan nasu mai gida-gida da ke tsayawa a gwiwa. Sai 1782 aka janye dokar. A 1822 sai ga Sarki George na Huɗu ya je Edinbura sanye da shi. Kayan 'yan tawaye ya koma kayan sarki.

Mai Gardama:
Malam, ai hujjata ka ƙarfafa. Tunda ma'anar tana juyawa haka, ashe ba a jikin kayan take ba. A kan mutane take.

Malamin Tarihi:
To, ita kalmar da kake rubutawa yanzu, a jikin haruffan ma'anarta take? Takardar kuɗin da ke aljihunka fa, ba takarda ba ce da aka shafa wa launi? Mu muka yarda a kanta, amma je ka yaga ta ka ga ko za ka ji daɗi. Abin da jama'a suka haɗu suka ɗora wa ma'ana ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ce shi bai yarda ba.

Tsohon Tela:
Ku ba ni wuri in sa baki, tunda a kan sana'ata kuke magana. Shekara arba'in da wani abu ina taka keke. Abin da na koya shi ne, ba kasafai mutum ke zuwa wurin tela don ya rufe jiki ba, wanda ke neman rufe jiki yana da tsofaffin kaya a gida. Yana zuwa ne da wani mutum a cikin ransa, wanda yake so a gani in ya fita. Saurayi zai ce mini, Baba a ɗan faɗaɗa kafaɗa. Ba kafaɗa yake nema ba, kwarjini yake nema. Wanda ya samu ƙarin girma a wurin aiki, kafin ya faɗa na gane daga yadin da ya zaɓa. Wanda karayar arziki ta same shi zai kawo tsohuwar rigarsa mai tsada ya ce a juya mata wuya, yana magana ƙasa-ƙasa kada yaran shago su ji. Wannan aikin na fi yi da kulawa fiye da sabon ɗinki, don na san asirin mutum ne a hannuna.

Kuma ku lura da kalmar da muke amfani da ita. Sutura muke cewa. Da ita muke roƙon Allah ya rufa mana asiri, da ita muke kiran abin da ake yi wa mamaci kafin a kai shi makwancinsa. Wanda ya fara kiran tufafi da wannan suna bai ɗauke shi zare kawai ba.

Almajirin Malam:
Baba ya faɗi magana. Alƙur'ani ma a Suratul A'araf, aya ta 26, abu biyu ya ambata game da tufafin da aka ba 'yan Adam: rufe tsiraici da ado, sannan ya ce tufafin taƙawa shi ne mafi alheri. Ka ga ado bai zama laifi ba, an ƙidaya shi cikin ni'ima. A Baƙara kuma, aya ta 187, da za a kwatanta miji da mata, tufafi aka kira kowannensu ga ɗayan.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne harami. Mutum ya zo aikin Hajji, a ce ya tuɓe duk wani abu da aka ɗinka da siffar jikinsa, ya ɗaura farin ƙyalle biyu, kai a buɗe. Me ya sa daga tufafi aka fara? Don nan ne bambanci ya fi fitowa. Shugaban ƙasa da ɗan dako, in suka tsaya a Arfa, sai an faɗa maka wane ne wane.

Mai Gardama:
Akaramakallahu, su ma ana gane su daga tantin da suke kwana.

Almajirin Malam:
Wannan kuma halin ɗan Adam ne, in ka toshe masa ƙofa ya nemi taga.

Anti Nas:
Bari in ba ku nawa daga wurin aiki. Da kayan gida ba wanda zai bari in taɓa masa jariri, balle in soka masa allura. Ina sa kayan aiki, uwar da ba ta taɓa ganina ba za ta miƙo mini ɗanta da hannu biyu. Ba ta ga takardar shaidata ba, ba ta san ko na ci jarrabawa ba. Rigar ta gani.

Abin da mutane ba su sani ba, rigar ba masu kallo kaɗai take yi wa magana ba, har da wanda ya sa ta. Akwai ranar da na fito gida rai a ɓace, na yi kuka a hanya. Ina ɓalla maɓallin ƙarshe sai na ji na zama wata. Murya ta ta daidaita, hannu ya daina rawa. In na tuɓe da yamma sai damuwar ta dawo ta same ni inda ta bar ni. Mai Gardama, wannan ma ƙarya ce da son a sani?

Kuma farar rigar likita da kuke gani ba tun asali take ba. Har cikin ƙarni na 19 baƙaƙen kaya likitocin Turai suke sawa. Da aka gane ƙwayoyin cuta, tsabta ta zama abin nunawa, sai aka koma fari, don fari ba ya ɓoye datti.

Mai Gardama:
Anti, na yarda da rabin maganarki. Ɗaya rabin shi ne abin tsoron. Tunda uwa rigar take gani, duk ɗan damfarar da ya sayi farar riga ya zama likita kenan. Wanda ya sayi kakin soja ya zama soja. Ba banza ba ƙasashe suka mai da sa kakin jami'an tsaro ba izini laifi. Ashe abin da kuke yabo shi ne ƙofar da maƙaryaci ya fi shigowa ta ita. Kyan ɗan maciji.

Ɗalibar Shari'a:
Yaya Mai Gardama, ana buga jabun kuɗi ne saboda na gaske yana da daraja. Ba wanda ke buga jabun tsumma.

Ni abin da nake so a duba daban ne. Duk misalan da aka kawo maza ne, alhali yawancin dokar tufafi a kan jikin mata take sauka. A Iran, a 1936 Reza Shah ya hana mata lulluɓi, 'yan sanda suna fizge mayafi a titi, har wasu mata suka daina fita gida gaba ɗaya. Bayan juyin juya halin 1979 aka juya, rufe kai ya zama tilas. A Faransa, a 2004 aka hana sa alamomin addini da ke bayyane a makarantun gwamnati, a 2010 aka yi dokar hana rufe fuska a bainar jama'a. Kuma a wannan Faransar, tun 1800 akwai umarnin 'yan sandan Paris da ya ce mace ba za ta sa wando ba sai ta nemi izini. An daɗe da daina aiki da shi, amma sai a 2013 gwamnati ta fito ta ce ya faɗi.

Ba ina shiga hukuncin addini ba, wannan na malamai ne, kuma ni na san abin da na yarda da shi nake kuma sawa. Ina magana ne a kan hukuma. Wani ya ce cire, wani ya ce sa, kowa yana son ya rubuta manufarsa a jikinta don duniya ta karanta.

Almajirin Malam:
Malama, ba za a haɗa wanda ya hana bin umarnin Allah da wanda ya tilasta shi a ma'auni ɗaya ba.

Ɗalibar Shari'a:
Ban haɗa su a hukunci ba, Malam. Na haɗa su a kan cewa dukansu sun san tufafi yana magana, shi ya sa suke son su riƙe bakinsa. Nan kaɗai na tsaya.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a yi hattara, kada mu bar tambayar Auta mu faɗa wata rijiyar. A ci gaba cikin mutunci.

Malamin Tarihi:
To bari in dawo da mu ta wata hanya, don kada Auta ya ɗauka kullum mai ƙarfi ne ke amfani da tufafi a kan mara ƙarfi. Wani lokaci akasin haka ake yi.

Gandhi lauya ne da ya yi karatu a Landan, ya san kwat da nektai sarai, ya sa su shekaru. Daga baya ya ajiye su, a 1921 kuma ya koma ɗaura ɗan ƙyalle irin na talakan Indiya, wanda aka kaɗa zarensa aka saƙa da hannu. Dalilin ba ado ba ne. Ana kwashe audugar Indiya a kai masaƙun Ingila, a dawo da yadi a sayar wa Indiyawa. Ya ce kowa ya kaɗa zarensa, a ƙaurace wa yadin waje. A 1931 da ya je Landan taron tattauna makomar Indiya, a haka ya shiga Fadar Buckingham wurin Sarki George na Biyar, da ƙyallensa da mayafi da takalmin fata. Churchill, ɗan siyasar Birtaniya, a shekarar ya yi masa ba'a a kan yawo rabin jiki a waje. Amma hoton ya zaga duniya, kuma kowa ya fahimci saƙon ba tare da tafinta ba.

Mandela kuma sau biyu ya yi irin wannan, ta fuska biyu. A 1962 ya shiga kotun Turawa sanye da fatar damisa irin ta sarautar mutanensa. A 1995 kuma, yana shugaban ƙasa, ya shiga filin wasan ƙarshe na gasar zari-ruga ta duniya a Johannesburg sanye da koriyar rigar Springboks, ƙungiyar zari-ruga ta Afirka ta Kudu, rigar da baƙaƙen fata suka daɗe suna ƙi saboda alamar wariya ce. Da ta farko ya ce wa masu mulki ni ba naku ba ne. Da ta biyu ya ce wa waɗanda suka rasa mulki ku ma namu ne.

Direban Dare:
Malam ka manta da na kwanan nan. A watan Fabrairun 2025 shugaban Yukren Zelensky ya je fadar White House ba kwat, har wani ɗan jarida ya tambaye shi a gaban kowa me ya sa ba ya sa kwat. Ƙasarsa na cikin yaƙi, amma rigarsa ake tambaya. Da kuma alkyabbar da Sarkin Qatar ya yafa wa Messi a 2022 kafin ya ɗaga kofin duniya. Larabawa suka ce karramawa ce, wasu 'yan jaridar Turai suka ce an rufe masa rigar ƙasarsa. Abu ɗaya, ido biyu.

Autan Zaure:
To ai shi kenan, ni ma ranar Litinin zan je da rigata ta Talata in ce ni Gandhi ne.

Tsohon Tela:
Kul, yaro! Gandhi yana da kwat ya ajiye, kuma duniya ta san yana da ita. Wanda ya ajiye daban, wanda bai samu ba daban. Shi ya sa attajiri zai fito da tsohuwar riga a ce sauƙin kai gare shi, talaka ya fito da irinta a ce ƙazami ne.

Ɗalibar Shari'a:
Baba ya taɓo inda ke ciwo. Mai Facebook ya yi shekaru yana fita da 'yar riga mai ruwan toka iri ɗaya, ana yaba masa wai ba ya ɓata tunani a kan kaya. Ma'aikacin da ke share masa ofis bai isa ya zo da kayan da ya ga dama ba. Kafin a yarda ka raina tufafi, sai ka kai inda ba ka buƙatar ya yi maka magana.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai abin da ke ba ni mamaki wandon jins ne. Yarana suna nuna mini wanda aka yayyaga a gwiwa tun daga kamfani, wai shi ne yayi. Mu da muka taso ana yi wa yaga faci don kada a gani!

Malamin Tarihi:
Hajiya, asalinsa ma wandon leburori ne. A 1873 wani tela mai suna Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi rajistar dabarar sa 'yan ƙusoshin tagulla a bakin aljihu don kada ya yage a wurin aiki mai wuya. Ma'aikatan haƙar ma'adinai da manoma a yammacin Amurka su ne masu sawa. Yagar da lebura ya samu da gumi, ita ake sayarwa yanzu ga wanda bai taɓa ɗaga shebur ba.

Da yawa haka suke. Nektai da ake ganin shi ne cikar ɗan boko, daga ƙyallen wuyan sojojin hayar Kuroshiya ya samo asali a ƙarni na 17, Faransawa suka gani suka ɗauka. Takalmi mai tsini da ake cewa na mata ne, mahaya dawakin Farisa ne suka riga sawa don ƙafa ta zauna a likkafa, kuma Sarki Louis na 14 na Faransa ya yi ta taƙama da nasa mai jan dunduniya. Farar rigar amarya ta bazu ne bayan Sarauniya Victoria ta yi aure da ita a 1840, alhali a Indiya da Sin fari launin makoki ne. Zamani riga ne, in ji masu iya magana.

Direban Dare:
Malam yau ka buɗe kundi gaba ɗaya. A bar mana na gobe.

Malamin Tarihi:
Saura ɗaya in yi shiru, don ya shafi maganar Baba Tela. A zamanin Rumawa, launin shunayya na manya ne. Daga jikin wata dodon-koɗi ta teku ake samo shi a gaɓar Taya, cikin Lebanon ta yau, sai an tara dubbai kafin a sami ɗan abin da zai rina bakin riga. Tsadar ce ta sa ya zama na sarakuna, doka ta biyo baya ta tsare musu shi. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro sai ya samu rini mai wannan launi cikin kuskure. Cikin 'yan shekaru mata a titi suna sawa. Da ya yi arha, sai manya suka nemi wata alamar. Har gobe haka ake: na ƙasa ya kamo, na sama ya matsa.

Mai Gardama:
Yauwa, nan nake jira. Wannan tseren da ba ya ƙarewa, wa ke biyan kuɗinsa? Mutum zai ci bashi don kada a ga ya maimaita kaya a taro biyu. Yanzu da hotuna ke yawo a intanet abin ya ƙara lalacewa, an ɗauke ka da riga sau ɗaya ta tsufa. Can kuma a ɗaya ƙarshen akwai masu ɗinkawa. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, mutum sama da 1,100 suka mutu, yawancinsu mata masu ɗinka kaya wa manyan shagunan Turai da Amurka. An ga tsagewar bango tun kwana ɗaya kafin nan, aka ce su koma bakin aiki. Kuna ta cewa riga tana magana. Wannan maganar ba ta faɗinta.

Anti Nas:
Innalillahi. A nan kam ban da abin cewa.

Tsohon Tela:
Ɗana Mai Gardama, yau ka yi gaskiya. Mai sawa ba ya tuna mai ɗinki sai ɗinki ya ɓaci. Amma ka lura, kai da ka fara da cewa zare ne kawai, ga shi ka ƙare kana neman a ji hakkin mutane a jikin zaren.

Mai Gardama:
Baba, ban sauka daga kan bakana ba. Ina nan a kan cewa bai kamata a auna mutum da rigarsa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Bai kamata ba daban, ba a yi daban. Yaron nan Litinin zai shiga gaban mutanen da ba su karanta wannan zaure ba.

Autan Zaure:
To yanzu iyayena me kuka yanke? In ari kwat ɗin ko kada in ara?

Direban Dare:
In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi tsumma ka ɗaura. Ara kawai.

Almajirin Malam:
Kayan aro ba ya rufe katara. Ka sa naka mai tsabta, ka yi addu'a.

Ɗalibar Shari'a:
Karin magana biyu sun yi karo, sai a koma ga hujja. Auta, wane irin aiki ne? Ka bincika yadda ma'aikatan wurin suke shiga a ranar aiki, ka ɗara su kaɗan. In wurin gyaran injina ne ka shiga da kwat da nektai, za su ɗauka ba ka san aikin ba.

Autan Zaure:
Kula da ɗakin ajiyar kaya ne a wani kamfani, Yaya. Na taɓa wucewa, riga da wando suke sawa, ban ga mai kwat ba sai mutum ɗaya.

Tsohon Tela:
To ka bar wa mutum ɗayan nan kwat ɗinsa, wataƙila shi zai yi maka tambayoyin. Abokin naka ma ya fi ka tsawo ko ka fi shi?

Autan Zaure:
Ya fi ni nesa ba kusa ba, Baba. Da na gwada, hannun ya rufe mini yatsu.

Tsohon Tela:
Ka ji! Da ka shiga da ita, kafin ka buɗe baki ta gaya musu ba taka ba ce. Ɗauko rigar nan ta Alhamis, ka duba maɓallai ko akwai mai lilo, ka wanke ta tun Asabar don ta bushe sosai. Wuya da bakin hannu ake fara gogewa, sannan jiki. In wandon yana jan ƙasa, kai wa tela mafi kusa da kai ya ɗage shi, aikin minti biyar ne. Takalmin kuma kada ka manta da bayansa, don shi za su gani in ka juya za ka fita.

Mai Gardama:
In sun ɗauke ka, Auta, ka dawo ka gaya mana wa suka ɗauka, kai ko rigar.

Autan Zaure:
In sun ɗauki rigar ma, Yaya, ni zan riƙa rako ta aiki kullum, kuma asusuna za a sa albashinta.